Yadda Ake Haɗa Alewa da Kayan Gashi a Gida Domin Kyautar Bukukuwa

Abin zaƙin da ake yi domin cin gida da wanda ake yi domin a bayar kyauta, ko da kayan haɗinsu ɗaya ne, ba aiki ɗaya ba ne. Na gida ana cinsa da ɗuminsa, ɗumi kuwa yana rufe aibi mai yawa. Na kyauta sai ya kwana 3 ko 4 a cikin gwangwani, ya sha jijjiga a hanya, ya zauna a ɗakin da wanda ya yi shi bai san zafinsa ko laimarsa ba, kafin a zo a buɗe shi. Saboda haka tun daga zaɓen abin da za a yi har zuwa ɗaure kwali, tambayar da ya kamata a riƙa yi wa kai ita ce, yaya wannan abu zai kasance a ranar da za a buɗe shi?

Amsar kusan duka tana komawa ga ruwa. Ƙwayoyin cuta da funfuna ba sa yaɗuwa sai da ruwa, shi ya sa abin da aka gasa har ya bushe, ko aka dafa da sukari mai yawa har sukarin ya riƙe ɗan ruwan da ya rage, yake daɗewa bai lalace ba. Busasshen biskit, da alewa mai tauri, da alewar madara, da ɓawon lemu da aka dafa a sukari, da kek mai wadataccen bota, duk suna cikin wannan rukuni. Abin da aka cika da kirim ko kwastad ko ɗanyun 'ya'yan itatuwa kuwa a bar wa teburin gida, domin bai kamata ya wuce awa 2 a wajen firij ba, kuma a ranakun biki babu wanda zai iya cewa ga lokacin da mai karɓa zai samu sukunin adana shi.

A ganina iri 3 sun isa: ɗaya mai garas-garas, ɗaya mai laushi, ɗaya kuma mai ɗan tsami ko ɗaci da zai wanke baki daga zaƙin sauran. Wanda ya ɗauko iri 7 yakan ƙare da rabinsu sun ƙone, rabi kuma ba su huce ba lokacin da aka zo ɗauka. Haka nan kada a fara gwada sabon girki a kan kyauta. A yi rabin awo tun da sauran makonni, a ajiye wani ɓangare a rufe, a ɗanɗana shi bayan kwana 4, domin ɗanɗanonsa na wannan rana shi ne wanda za a ba mutane.

Awo da kayan aiki

Sikelin kicin ya fi kofi amfani nesa ba kusa ba. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 idan an zuba ta a hankali, ya kuma kai giram 150 idan an kwarfo ta an danna, wannan bambanci kaɗai ya isa ya mai da biskit mai rugurgujewa a baki ya koma mai wahalar tauna. Inda aka ambaci cokalin shayi a nan, ana nufin mililita 5 a shafe ba a tule ba, babban cokali kuma mililita 15. Duk zafin da aka ambata a ma'aunin Salshiyos yake.

Ana buƙatar tukunya mai kaurin gindi, wadda ta ninka abin da za a zuba mata sau 3 a girma, saboda sukari da madara suna kumburowa idan sun tafasa. Sai muciya ko cokalin katako mai dogon hannu, da takardar gashi, wato wadda ake shimfiɗawa a tire domin kada abu ya manne, da ragar waya ta shanya abin da aka gasa, da ma'aunin zafin alewa idan da hali. Kafin a dogara da ma'aunin, a tsoma shi a ruwan da yake tafasa. A gaɓar teku ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma lambar tana raguwa da kimanin digiri 1 a duk hawan mita 300. Idan ma'aunin ya nuna 97, ko saboda tudun wurin ne ko saboda kuskuren ma'aunin, sai a cire 3 daga kowace lambar dafa sukari da za ta zo a gaba. Tanda mai fanka kuma a rage mata digiri 20 daga abin da aka rubuta. Bekin fodar da ta daɗe a ajiye a gwada ta: a zuba rabin cokalin shayi a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu, a sayo sabuwa.

Biskit ɗin bota

Babu abin da ya kai wannan biskit, wanda aka fi saninsa da ƙasar Sikotlan, dacewa da kyauta. Ba ƙwai a cikinsa, ba a zuba masa ruwa, kuma awonsa yana da sauƙin riƙewa a ka: sukari kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3, duka da nauyi. Giram 100 na sukari da 200 na bota da 300 na fulawa za su ba da biskit kusan 30. Tun da kayan haɗin 3 ne kacal, ɗanɗanon botar ne zai fito fili, don haka a nan ne ya kamata a kashe kuɗi a sayi bota ta gaske.

A fito da botar daga firij ta yi laushi, yadda in an danna ta da yatsa za ta lotsa amma ba ta narke ta yi mai ba. A buga ta da sukarin na kimanin minti 2 har su haɗe, a tankaɗe fulawar da rabin cokalin shayi na gishiri a zuba a kai, sannan a juya. Da zarar an daina ganin busasshen gari, a tsaya. Dalili shi ne, a cikin fulawar alkama akwai sinadaran da suke haɗuwa su yi danƙo idan sun samu laima aka kuma murza su, wannan danƙo shi ake nema a burodi, a biskit kuwa shi ke kawo tauri. Kwaɓin zai yi kamar ba zai haɗu ba, ya riƙa warwatsewa, amma in an dunƙula shi a tafin hannu zai kama. Kada a yarda a ƙara masa ruwa.

A mulmula kwaɓin ya yi tsawo, kaurinsa kamar santimita 5, a naɗe shi a takardar gashi, a saka a firij aƙalla awa 1. Sanyin nan shi ke hana biskit ɗin bajewa a tanda. Bayan haka a yanka shi da wuƙa mai kaifi, kaurin santimita 1, a jera a tire da ɗan tazara, a gasa a digiri 160 na minti 18 zuwa 22. Alamar nuna ita ce gefensa ya fara ja kaɗan yayin da samansa bai canza launi sosai ba, in kuma aka ɗaga ɗaya za a ga ƙasansa ya yi ruwan zuma ko'ina. Na kyauta gara ya ƙara minti 2 a wuta da a ce an cire shi da sauran ɗanye a tsakiya, domin wannan ɗanyen ne zai saki laima a cikin gwangwani ya sanyaya sauran. Yana fitowa da laushi, sai ya huce yake yin ƙarfi, don haka a bar shi minti 10 a tiren kafin a mayar da shi kan raga. A gwangwani mai rufuwa sosai yana kai mako 2.

Kwaɓi ɗaya yana iya zama iri-iri ba tare da ƙarin wahala ba. Ana iya goga ɓawon lemun tsami a kashi ɗaya, a zuba kirfa da garin citta a wani, a wani kuma a cire giram 30 na fulawa a maye gurbinsa da garin koko. Ɗanyen kwaɓin yana zama a firiza har wata 3, wanda hakan ke nufin ana iya gama rabin aikin biki tun kafin hidima ta taso.

Dafa sukari

Nan ne mafi yawan mutane suke jin tsoro, alhali ƙa'idar guda ɗaya ce. Idan ana tafasa sukari da ruwa, ruwan yana fita a tururi, kuma gwargwadon raguwarsa gwargwadon hawan zafin abin da ya rage a tukunya. Ke nan lambar da ma'auni yake nunawa labarin ruwan da ya saura take bayarwa, ruwan da ya saura kuma shi ke yanke hukuncin ko alewar za ta yi laushi ko tauri bayan ta huce.

Wanda ba shi da ma'auni yana iya gane matakan da kofin ruwan sanyi. A sauke tukunyar daga wuta, a ɗiga kaɗan daga sukarin a cikin ruwan, a jira 'yan daƙiƙu, a tattaro shi da yatsu. Tsakanin digiri 112 da 116 zai dunƙule ya yi ƙwallo mai laushi da ke bajewa da zarar an fito da shi daga ruwan, wannan shi ne matakin alewar madara. Tsakanin 118 da 120 ƙwallon yana riƙe siffarsa amma yana lotsawa in an matsa, a nan ake sauke alewa mai danƙo da ake taunawa. Daga 132 zuwa 143 yana yin zare-zare masu lanƙwasuwa kafin su karye. Daga 146 zuwa 154 kuwa zaren yana karyewa ƙas tamkar gilashi, kuma in an tauna ba ya manne wa haƙori, wannan shi ne matakin alewa mai tauri. Da ya haura 160 sukarin kansa zai fara yin ja yana ƙamshi, daga nan zuwa ƙauri da ɗaci tazarar 'yan daƙiƙu ce. Abin lura shi ne hawan ba daidai yake tafiya ba: yakan daɗe yana jan ƙafa a ƙasa da 110, amma da ya wuce 130 sai ya riƙa gudu, don haka daga nan ba a barin gaban tukunya ko don amsa waya.

Babbar matsalar dafa sukari ita ce komawarsa tsaki-tsaki. Ƙwayar sukari ɗaya da ba ta narke ba, in ta faɗa cikin tukunya daga gefe, tana iya jawo sauran duka su daskare su koma gari. Maganinsa shi ne a narkar da sukarin a wuta kaɗan, ana juyawa har sai an daina jin ƙwayoyinsa a ƙarƙashin cokali, kafin a bari ya tafasa. Da ya fara tafasa a rufe tukunyar na minti 2 domin tururi ya wanke gefenta, sannan a buɗe, a daina juyawa. Cokalin shayi 1 na ruwan lemun tsami ma yana taimakawa, saboda tsami da zafi suna raba wani ɓangare na sukarin ya koma wasu nau'o'in sukari 2, gulukos da furuktos, waɗanda suke shiga tsakani su hana ƙwayoyin sake haɗuwa. Ruwan gulukos da ake sayarwa domin masu yin alewa wannan aikin yake yi, kuma ya fi tabbas.

Dafaffen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi ƙwarai, kuma yana mannewa a fata ya ci gaba da ƙuna. A fitar da yara daga kicin, a juya hannun tukunya ciki, kada kuma a ɗanɗana da yatsa ko a lashi cokali komai kyawun da ya yi a ido. Idan ya zuba a fata, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba kuma mai ba, in ƙunar ta yi faɗi ko zurfi a tafi asibiti.

Domin alewar gyaɗa mai garas-garas, a tanadi sukari giram 300, ruwan gulukos giram 150, ruwa mililita 80, soyayyiyar gyaɗa da aka murje aka fece giram 250, bota giram 30, gishiri rabin cokalin shayi, da bekin soda cokalin shayi 1. A auna komai a jera kusa da murhu, a shimfiɗa takardar gashi a tire tun kafin a kunna wuta, domin a ƙarshen aikin babu lokacin neman cokali. A dafa sukari da gulukos da ruwa har digiri 140, a zuba gyaɗa da gishiri, a riƙa juyawa har ya kai 150. A sauke, a saka bota, sannan a barbaɗa soda a juya da sauri. Nan take zai yi kumfa ya kumburo, launinsa ya yi haske. Kumfar nan iskar da sodar ta saki ce, kuma ƙananan ramukan da take bari a cikin alewar su ke sa ta karye cikin sauƙi a haƙori maimakon ta yi taurin dutse. A juye a tire, a baza da bayan cokalin da aka shafa wa mai ba tare da an danne kumfar ba, a bari ta huce, a kakkarya. Wannan alewa tana zuƙar laima daga iska da gaggawa, saboda haka da ta huce a rufe ta, kuma in ana ruwan sama ko iska ta yi nauyi da laima, a ɗaga aikin zuwa wata rana. Ba a saka ta a firij, domin raɓar da za ta kwanta mata in an fito da ita za ta sa ta yi yauƙi.

Alewar madara mai laushi akasin haka take, domin a nan ana son sukarin ya koma ƙwayoyi, amma ƙanana sosai yadda harshe ba zai ji su ba. A haɗa gwangwani 1 na madara mai kauri mai zaƙi, wanda yawanci giram 397 ne, da jan sukari giram 450, bota giram 115, da madarar ruwa mililita 150. Tun da akwai madara, wannan kam dole a riƙa juya ta a hankali har gindin tukunya daga farko zuwa ƙarshe, in ba haka ba za ta kama, baƙaƙen ɗigo su watsu a cikinta. Idan ta kai digiri 115 a sauke, a ajiye ta ba tare da an taɓa ba har zafin ya sauko wajen digiri 45 zuwa 50, wato lokacin da za a iya riƙe gindin tukunyar da hannu. Sannan a zuba cokalin shayi 1 na fanila a fara bugawa da muciya. Da farko tana sheƙi tana bin muciya, bayan wasu mintuna sai sheƙin ya dushe, ta yi nauyi, ta fara barin gefen tukunya. A wannan lokaci ake juye ta a tire mai faɗin santimita 20 da aka shimfiɗa wa takarda, jinkirin minti 1 yana iya sa ta daskare a tukunya. Wanda ya buga ta da zafinta zai samu manyan ƙwayoyi masu gurzar harshe, wanda kuma ya sauke ta kafin 112 ba za ta taɓa daskarewa ba. Duka biyun suna da gyara: a mayar da ita tukunya da babban cokali 3 ko 4 na madara, a narkar a wuta kaɗan, a sake dafawa. A bar ta ta kwana kafin a yanka, kuma a rufe tana kai mako 1 zuwa 2.

Ɓawon lemu shi ne mafi arha cikin duka, kuma shi nake ganin ya fi ba mutane mamaki. A yanka ɓawon lemun zaƙi 4 sirara-sirara, a tafasa a zubar da ruwan sau 3 domin ɗaci ya ragu, sannan a dafa shi a wuta kaɗan cikin sukari giram 300 da ruwa mililita 300 na minti 45 zuwa 60, har farin cikinsa ya koma garai-garai. A tsame, a shanya a raga kwana 1 ko 2, a birkiɗa a sukari. In ya bushe da kyau yana kai wata 1.

Kek da cakulan

Kek ɗin da ya fi jure tafiya shi ne mai awo daidai, wanda bota da sukari da ƙwai da fulawa duk nauyinsu ɗaya: giram 225 na kowanne, wato ƙwai manya 4 ke nan, da cokalin shayi 1 na bekin foda. A buga bota da sukari na minti 5 har su yi fari su tashi, a riƙa saka ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙwan kada ya kasance mai sanyin firij domin yana tsinka kwaɓin. A zuba fulawa a juya a hankali, a gasa a digiri 170 na kimanin awa 1, har tsinken da aka soka a tsakiya ya fito ba kwaɓi a jikinsa. In za a raba shi a ƙananan gwangwanaye, wanda ya fi kyau domin kyauta tun da kek da ba a yanka ba ya fi daɗewa, a fara dubawa daga minti 25. Irin wannan kek ya fi daɗi washegari, kuma in an naɗe shi da kyau yana kai kwana 4 ko 5.

Cakulan kuwa sai an yi tunani kafin a saka shi a lissafi. Man kokon da ke cikinsa yana narkewa a wajen digiri 34, saboda haka in kyautar za ta bi ta cikin zafi gara a haƙura da shi. In yanayi ya ba da dama, a narkar da kashi 2 cikin 3 na baƙin cakulan a kwano a kan tururi har digiri 45 zuwa 50, a sauke, a zuba sauran kashi 1 da aka yayyanka, a juya har zafin ya sauko 31 zuwa 32, sannan a yi aiki da shi. Mai madara a sauko da shi 29 zuwa 30. Wanda aka bi da shi ta wannan hanya yana daskarewa da sheƙi ya karye ƙas, wanda aka narkar kawai aka bari kuwa yakan fito da farin dabbare-dabbare bayan kwanaki, ba ya cutarwa amma yana sa kyauta ta yi kama da tsohuwa. Ɗigon ruwa kaɗan yana sa narkakken cakulan ya cure, don haka kwano da cokali su bushe ƙamas. Abu mafi sauƙi shi ne a tsoma rabin kowane ɓawon lemu ko rabin biskit a ciki.

Tsara kwanaki da shirya kwali

A fara da abin da ya fi daɗewa a ƙare da wanda ya fi saurin lalacewa. Kwaɓin biskit yana iya shiga firiza tun da sauran wata guda, ɓawon lemu a yi shi saura mako 1, a gasa biskit a kuma yi alewar gyaɗa saura kwana 3 ko 4, alewar madara saura kwana 2, kek kuma ana gobe za a bayar. Gwangwanaye da kwalabe a wanke su tun da wuri domin su bushe sarai.

Kada a rufe komai sai ya huce gaba ɗaya. Ɗan ɗumin da ya rage yana zama tururi a ƙarƙashin murfi, tururin ya zama raɓa, raɓar ta koma cikin abin da aka sha wahalar busarwa. Saboda wannan dalili ne kuma ba a haɗa mai laushi da mai garas-garas a rufi ɗaya. Laima tana tashi daga kek ko alewar madara ta shiga biskit da alewar gyaɗa, kafin kwana 2 kek ya bushe, biskit ya yi sanyi, alewar gyaɗa ta manne wuri ɗaya. In ana son su tafi a kwali ɗaya, kowane iri a ɗaure shi a ledarsa ta abinci tukuna. Ƙamshi ma haka yake yawo, kuma bota tana saurin ɗaukarsa, shi ya sa biskit mai kirfa da kanumfari in ya kwana da marar haɗi duka sukan koma ɗanɗano ɗaya. Alewa mai danƙo a naɗe kowace ɗaya a guntun takardar gashi, biskit kuma a sa takarda tsakanin kowane layi, masu nauyi a ƙasa. Bayan an rufe a ɗan girgiza kwalin a kusa da kunne. In an ji motsi, a cike gurbin da dunƙulalliyar takarda har sai ya yi shiru. Jarida da takarda mai launi ba sa taɓa abinci kai tsaye, domin mai yana jawo tawada.

Abu na ƙarshe da za a saka shi ne 'yar takarda mai ɗauke da sunan kowane iri, da ranar da aka yi shi, da ranar da ya kamata a cinye shi, da yadda za a adana shi, da kuma kayan haɗinsa. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Gyaɗa, da sauran dangin ƙwaya irin su kashu da alamon, da riɗi, da madara, da ƙwai, da alkama, da waken soya, suna cikin abubuwan da jikin wasu mutane ba ya karɓa, kuma ga wasu ɗan ɓurɓushi kaɗan yana iya toshe numfashi. Idan an yi alewar gyaɗa a kicin ɗaya da sauran, a rubuta hakan ko da biskit ɗin kansa ba gyaɗa a ciki, domin tire da wuƙa da hannu suna ɗaukar ɓurɓushi. Gidan da ke da ƙananan yara a sanar da su cewa alewa mai tauri da gyaɗa gudanta suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba, kuma abin da aka yi da zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Inda aka san akwai mai ciwon sukari, a rage yawan alewar, a cike gurbin da gyaɗa ko kashu da aka gasa a digiri 160 na minti 10 zuwa 15 da ɗan gishiri da yaji, waɗanda su ma a kwalba mai murfi suna kai mako 2.